Zuwa Ga Bawana, Bajamushen Makarfi

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka daga Kano ta Dabo. Ina fatan rake ya yi gaɓa, dankalin Kudan ya cika kunya, kuma sharon bai leƙa tumatirin 'yan'uwanka na Ikara ba bana.

Direbobin Tashar Yari ne suka kawo mini labarinka, ka kuwa san direba ba ya rage zance. Sun ce abin naka ya yi nisa. Ka manna tambarin Bayern Munich a tankin babur, ka raɗa wa ɗan akuyarka suna Musiala, kuma in an zauna majalisa bayan isha'i ka daina cewa "su Jamusawa", sai "mu". Mu muka ƙera Marsandi, mu muka ɗura wa Brazil 7 da 1 a gidanta a 2014. Mutumin da iyakar tafiyarsa Kwanar Ɗangora, can ɗin ma rakiyar lodi ce ta kai shi. Na tambaye su ko "mu" ɗin nan tana kaiwa 2018 da 2022, shekarun da aka koro Jamus tun zagayen farko na gasar cin kofin duniya. Suka ce a'a, in an zo nan sai ka gyara zama ka ce ai kai kulob kake bi, ba ƙasa ba.

To mu tsaya a kulob ɗin. Duk samarin Makarfi da Hunkuyi da Paki sun zaɓi wahalarsu da hannunsu. Wannan na Arsenal, wancan na Manchester, ga 'yan Chelsea, ga 'yan Barcelona da 'yan Madrid da ba sa haɗa inuwa. Kowa da ranar da yake kwana ba cin tuwo. Kai kuwa da ka tashi zaɓe sai ka leƙa nahiyar Turai kaf, ka nemo inda babu hawan jini. Daga 2013 zuwa 2023 Bayern ta ɗauki gasar Bundesliga sau 11 a jere. Yaron da aka yi sunansa a shekarar farko ya kusa gama firamare bai taɓa jin wata ƙungiya ta ci gasar Jamus ba. Ƙungiyoyi 18 ne, wasa 34 kowace, amma tun kafin a busa usur na farko kowa ya san gidan da za a kai kaya. Wannan shi kake kira jarumta? Ka samu inuwar giginya ka ƙi, ka je ka rungume gindin kuka. Kuma don Allah in za ka yi mana alfahari ka riƙa gyara Hausarka: ƙungiya mace ce, "Bayern ta ci" ake cewa. Na san ku can ko amarya "ya zo" take, amma ka taimaka.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne rayuwarka a gidan kallo. Na gani da idona wata Asabar da na kwana garinku. Allon da ke jingine a ƙofa an cika shi da alli: Firimiya a sama da manyan baƙaƙe, Laliga a tsakiya, sai can ƙasa inda ruwan kwata ke fallatsa an rubuta "Bayan da Dotmun". Jamusawa suna take yawancin wasanninsu da ƙarfe 3:30 na agogonsu, wanda yake 2:30 a nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma 3:30. Wasannin Ingila na yamma suna biyo baya da rabin awa cif. Wato rabon da Allah ya tsaga maka a babbar talabijin minti 30 ne. Ka zauna kai kaɗai a bencin gaba, ka miƙe ƙafa, kana yi wa iska bayanin yadda Kimmich ke raba ƙwallo. Kafin a je hutun rabin lokaci 'yan Firimiya sun cika rumfa, mai gida ya ɗaga rimot ko kallonka bai yi ba, aka tura ka ƙaramar talabijin ta lungu, wadda ke maƙwabtaka da janareto, ba murya sai hayaƙi. A lokacin sanyi ma abin ya fi muni, don minti 30 ɗin naka suna ƙarewa ne a layin buta, ana haramar la'asar.

Ranar da babu kuɗin benci kuwa, an ce tsayawa kake a bakin taga. Da aka yi maka magana ka ce ai a filin Dortmund, mai cin mutum sama da dubu 81, kusan dubu 25 a tsaye suke kallo, kuma su ne 'yan gani-kashe-nin gaske. Gaskiya ne suna tsaye. Amma su tikiti suka yanka, bawana. In tagar ma ta gagara sai ka koma gona da rediyo a aljihu, kana kamo Sashen Hausa na DW daga birnin Bonn. A nan kam na sara maka: ka gano gasar da ake bi ba tare da an kashe ko sisi ba, abin da Bakano da duk lissafinsa bai hango ba.

'Yan majalisa suna tsokanarka da cewa gasar manoma kake kallo, kai kuma kana hawa dokin zuciya. Ban ga abin fushi ba. Wa ya fi cancanta da ita in ba kai ba? Dubi yadda aka tsara ta. Ana gab da Kirsimeti Jamusawa su ajiye ƙwallo su tafi hutun sanyi sai cikin Janairu, alhali 'yan Ingila na ta fafatawa ba dare ba rana. Daidai lokacin da kake tsakiyar saran rake ke nan, injin matsa na kuka, ruwan na tafasa a kasko, yara na jera ƙananan kwanoni ana zuba mazarƙwaila. Ka gama, ka wanke hannu, su kuma su dawo fili. Ko shawara aka yi da kai iyaka ke nan. Har kamfanonin da ke cikin gasar ma naku ne na ƙauye: Bayer da ke jikin robar maganin feshinka ita ce uwar Bayer Leverkusen, ma'aikatanta suka kafa ƙungiyar a 1904, Wolfsburg kuma garin Volkswagen ne, masu ƙera Golf ɗin da ake cusa ku mutum huɗu a baya, biyu a gaba, daga Tashar Yari zuwa Ikara. Da kamfanin tumatir na Ikara da aka kafa a 1981 ya yi irin wannan dabara, da yanzu kana da inda za ka kai ihunka kusa da gida.

Sai kofin da kuke ta ɗauka. Na sa yaro ya nuno mini shi a waya, na duba sama na duba ƙasa ban ga kofi ba. Faranti ne, bawana, tire na azurfa. Shekara guda ana gudu ana karya ƙafa, a ƙarshe a miƙo wa kyaftin abin jera goro. Bikin da ke biyo baya ma ba na ɗan Malam irinka ba ne: manyan kofunan giya ake cikowa a riƙa kwarara wa juna a ka. A 2013 Franck Ribéry, wanda musulmi ne, ya yi ta gudu a fili don kada a zuba masa, Jérôme Boateng ya cim masa, ya kuwa yi fushi ba na wasa ba. A 2022 da aka jera 'yan wasanku don hoton tallar giya, Sadio Mané da Noussair Mazraoui hannu sake suka tsaya. Ban hana Jamusawa nasu ba: a azumin 2022 ɗin, cikin Afrilu, alƙalin wasan Augsburg da Mainz ya dakatar da wasa don Moussa Niakhaté ya sha ruwa, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai ka lura ba Bayern ce ta yi ba, don haka kada ka saka shi cikin "mu".

Yanzu bari in gaya maka abin da ƙungiyarka take, da harshen da za ka gane. Ka san attajirin nan da ba ya jiran kasuwar Laraba, wanda ke zagayowa tun rake na tsaye a fadama, ya duba gonar da ta fi kyau, ya ajiye kuɗi ya saye ta a tsaye, ranar kasuwa kuma shi kaɗai ke da kaya, shi ke yanka farashi? Kullum kana tsine masa. To shi kake yi wa tafi duk Asabar. Schalke ta raini Manuel Neuer, Bayern ta ɗauke shi a 2011. Dortmund ta ci gasa a 2011 da 2012 ƙarƙashin Jürgen Klopp, ta fara ɗaga kai, sai aka sanar da cinikin Mario Götze a Afrilun 2013, saura wata guda ƙungiyoyin biyu su haɗu a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Wembley. Shekara na zagayowa aka janye Robert Lewandowski, shi ma ko kwabo ba a biya ba don kwantiraginsa ya ƙare. A 2016 Mats Hummels ya bi su. Leipzig ta zo ta biyu a 2021, aka kwashe mata mai tsaron baya Upamecano, da kyaftin Sabitzer, har da kocin, Julian Nagelsmann. Leverkusen ta yi abin kirki, a 2025 Jonathan Tah ya tattara ya koma Munich. In Lewandowski ya ci ƙwallo 5 cikin minti 9, ko ya zura 41 a kaka guda ya karya tarihin Gerd Müller, sai ka zo kana buga ƙirji, ka manta gonar wa aka saro shi.

Sau ɗaya tak na ji an ce ka yi zufa, ranar 27 ga Mayun 2023. Dortmund na gida, nasara kawai take nema a kan Mainz ta ɗauke farantin, sai ta ɓige da 2 da 2. Musiala, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci muku a minti na 89 a Cologne, kuka tsira da bambancin ƙwallaye. Murnar ma ba ta yi tsawon rai ba, don a ranar aka ji an sallami Oliver Kahn da Hasan Salihamidžić daga shugabanci. Kafin nan an kori koci a Maris, a Afrilu Mané ya kai wa Leroy Sané hannu a ɗakin sauya kaya bayan Manchester City ta ba ku 3 da nema. Ba banza Jamusawa da kansu suka laƙaba wa gidan naku FC Hollywood ba. In fim kuke so ku zo Kano, mu ne da masana'antar. Kahn ɗin nan kuma, kafin ka fara yi mini kirarinsa, shi ne golan da Jay-Jay Okocha ya yi ta kwantarwa yana tayarwa a 1993, lokacin ɗaya na Frankfurt ɗaya na Karlsruhe.

Kakar da ta biyo baya ita ta tona maka asiri. Kun zuba kusan yuro miliyan 100 kun sayo Harry Kane, mutumin da ya gudo daga Tottenham don ya taɓa kofi ko sau ɗaya. Ya ci ƙwallo 36, ya tashi hannu rabbana. Leverkusen ta Xabi Alonso ta buga wasa 34 ba a doke ta ba, ta ci 28, canjaras 6, maki 90, ta ɗauki gasar karon farko a tarihinta. Me ka yi? An wayi gari ka zama mai kishin ƙasa. Ai Victor Boniface ɗanmu ne, ai Nathan Tella namu ne, ai duk wanda ya ci Najeriya ce ta ci. Har da cewa dama can kana da 'yar soyayya da Leverkusen saboda maganin feshi. Allah da ikonsa, wani ɗan Najeriyar, Ademola Lookman, ya zura musu 3 shi kaɗai a wasan ƙarshe na gasar Europa a Dublin ranar 22 ga Mayun 2024, ya datse musu wasa 51 ba rashin nasara. Ka rasa wanda za ka yi wa murna, ka ce wai ciwon kai ne ya hana ka fitowa. Da Vincent Kompany ya maido muku farantin a 2025, kishin ƙasar ya bi ruwa.

Na san makamanka guda biyu, tun kafin ka zaro su. Barcelona 8 da 2 a Lisbon a 2020, da Arsenal 10 da 2 gida da waje a 2017. Da su kake rufe bakin rabin Makarfi, kuma ban ce ka daina ba, sun cancanta. Ni dai ba sa kama ni. Ka tuna 19 ga Mayun 2012? Wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Chelsea a filinku, a garinku, an gama shirya biki. Drogba ya sa kai a minti na 88, Robben ya ɓarar da fenariti, Mikel Obi na tsakiyar fili yana ta share muku hanya, aka ɗauke kofin a tsakar gidanku, kuma wannan kofi ne na gaske mai kunnuwa. In ka ce tsohon zance ne, 'yan Manchester na nan da nasu na 1999, ƙwallo 2 bayan cikar lokaci.

Duk wannan wasa ne. Inda nake son mu yi ta da kai shi ne wa'azin da aka ce kana yi, wanda ya sa masu shayi ke rage wuta in sun hango ka. Wai ƙwallon Jamus ta fi ta kowa tsafta saboda dokar 50+1. Na bincika, kuma dokar gaskiya ce: tun 1998, in ƙungiya ta mayar da sashen ƙwallonta kamfani, dole rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobi masu biyan kuɗin shekara, komai kuɗin da attajiri ya zuba. An ɗaga wa Leverkusen da Wolfsburg ƙafa saboda daɗewar kamfanoninsu. Leipzig, da kamfanin Red Bull ya kafa a 2009, ta bi ta bayan gida, ta taƙaita masu ƙuri'a ga 'yan tsiraru, shi ya sa har gobe ake yi mata ihu a filaye. Ita Bayern ɗinka kashi 75 na mambobi ne, sun haura dubu 300, sauran kuma Adidas da Audi da Allianz suka raba. Magoya bayan nan ba a taka su. A Disambar 2023 ƙungiyoyi 24 cikin 36 suka amince a sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin nuna wasanni na shekara 20, a kan kusan yuro biliyan 1. 'Yan kallo suka ce ba da su ba. Suka riƙa ruwan ƙwallayen tanis da alewar cakulan a fili, wasu har da motocin wasan yara masu rimot, ana tsayar da wasa mako bayan mako, sai da aka janye cinikin ranar 21 ga Fabrairun 2024. Haka suka kashe wasan daren Litinin, don mai aiki ba ya iya bin ƙungiyarsa wani gari ya dawo. Ko shugaban Bayern na lokacin, Uli Hoeness, da ya ɓoye haraji, kotu ta yanke masa shekara 3 da rabi a 2014, ya kuwa shiga.

Wadda ta fi burge ni ma ba ka cika ambatonta ba, don ba ta ɗaukar faranti. Union Berlin. A 2004 da kuɗin rajista ya gagare ta, magoya bayanta suka je asibiti suka ba da jini, suka miƙa mata abin da aka biya su. A 2008 zuwa 2009 mutum sama da 2,000 suka yi gayya suka gyara filinta da hannunsu, awa wajen dubu 140 ba lada. Da ta hau Bundesliga karon farko a 2019, akwai ɗan jiharku a cikin 'yan wasan, Suleiman Abdullahi, haifaffen Kaduna. Taiwo Awoniyi ya zo ya ci mata 15 a kaka guda, a 2023 ta kai gasar Zakarun Turai. Ga ƙungiya da ɗan gida a ciki, ga gayya irin wadda kakanninka suka sani, ka tsallake ka bi mai kuɗi.

To malam mai wa'azi, ina ƙungiyar unguwarku? Na je na ga filin. Bayan makarantar firamare yake, tirken raga ɗaya gora ce ɗaya itacen darbejiya, igiyar da aka ɗaura a sama ta yi ciki, kuma wani ya ci kusurwar gabas da kunya uku ta masara ba wanda ya ce uffan. Ƙwallon an ɗinke ta har ba a gane asalin launinta. Rigunan yaran kuwa sababbi fil, amma ba sunan ƙungiya a gaba, sai fuskar wani mai neman kansila, da alamar jam'iyya a baya inda lamba ya kamata ta zauna. Zaɓe na wucewa ba a sake ganinsa ba, sai wani ya zo da tasa fuskar. Ma'ajin ƙungiyar ya buɗe mini littafin karo-karo. Sunanka na nan, shafi na farko, da muƙamin mai ba da shawara. Gaban sunan fari tas. Mutumin da ke bayanin yadda Bajamushe ke ba da jininsa, an bi shi kuɗin faci ya ce a bari sai rake ya faɗi. Rake ya faɗi, ya ce a bari sai an biya shi. Rigar Bayern da ke jikinka ma, mai harafin T a ƙirji, ko kwabonta bai isa Munich ba. Daga dilar gwanjon Ƙofar Wambai ta fito, wato ko Jamusancin naka sai da ya biyo ta Kano.

Za ka ce ai Kano Pillars ma ta gwamnati ce, ba ta 'yan kallo ba. Haka ne. Amma mun ci gasar ƙasar nan a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma in ana wasa a Ƙofar Mata ƙafarmu muke ɗauka mu je, mu biya, mu yi ihun "Sai Masu Gida" har murya ta dushe. Ku tun kofin ƙalubale da Kaduna United ta ɗauko a 2010 kuke lasar baki, kai ko hanyar filin Ahmadu Bello ba ka sani ba.

Watan Cika-ciki na tafe, na san za ka zo da tsintsiyarka karɓar kuɗin shara. Bana ba zan damƙa maka a hannu ba. Ma'ajin nan zan kai wa, a sayi ƙwallo biyu da raga, a rubuta sunana a littafi, a ba ni rasit. Tunda duk unguwar ba wanda ya biya, ƙuri'a ɗaya tak ce ke nan, kuma tawa ce, na wuce 50+1 ɗin taka da nisa. Taron farko zan kira ranar Laraba bayan an tashi kasuwa, ajanda biyu: sauya wa ƙungiya suna zuwa Pillars ta Makarfi, da naɗa ka mai ɗebo wa 'yan wasa ruwa. Ka taho da mazarƙwaila ta shugaba, mai kauri, ba irin wadda kuke sayar wa baƙi ba.